Ranar da Motar Ƙanwata Ta Mutu a Bakin Layi

Shekarun baya, lokacin ina jan bas ɗin alhazai daga Kudai zuwa Harami a Makka, ƙanwata ta shiga tseren motoci. Ba irin motocin titi ba, ƙananan nan masu kujera ɗaya, tayoyinsu a waje, direba kusan a kwance yake ciki. Tun muna yara kawunmu ke kai mu Jidda wurin motocin wasa, mu mu gaji mu nemi abinci, ita kuwa sai an ciro ta da ƙarfi. Da aka buɗe wa mata tuƙi a Saudiyya, wani kamfani mai neman sababbin direbobi ya gwada ta, ya ɗauke ta. Gidanmu a unguwar Rusaifa ya rabu biyu, masu murna da masu tsoron bakin mutane. Ni ina cikin na biyun.

A wurin aiki ban taɓa gaya wa kowa ba. Sunan danginmu rabin unguwa ke amsa shi, don haka ba wanda ya haɗa ni da ita.

Tserenta na farko a Jidda aka yi, ranar Juma'a da la'asar. Ban je ba, na ce ina da dawam, wato ina bakin aiki. Da aka ba da alamar tashi kowa ya fizga, motarta ta tsaya cak, ta mutu a bakin layi. Kafin ta tashi sauran sun yi nisa, ita ce ta ƙarshe. Kafin magariba bidiyon ya zaga wayoyin mutane.

Muna hutu muna shan shayi, sai abokina, wanda ya fi kowa son tsere a cikinmu, ya miƙo mini wayarsa. Yana karanto abin da mutane suka rubuta. Wani ya ce ta ɗauka danja ce tana jiran kore, wani ya ce a mayar da ita kicin ko murhu zai kama mata. Direbobi suka yi ta ƙyaƙyatawa. Ni ma na yi dariya, wallahi har da buga cinya, don kada a gane ni.

Da na koma gida na tarar mahaifiyata ta gama waya da ita. Ta ce yarinyar ba ta yi kuka ba, abu ɗaya kawai ta tambaya, ko Yaya zai zo gobe wurin tsere na biyu. Na fara kawo zancen aiki, mahaifiyata ta ce ba shawarata take nema ba, gobe bayan azahar in kai ta Jidda. Matar da ko filin ƙwallo ba ta taɓa shiga ba.

Washegari abokina ya kira ni, yana da tikiti amma motarsa na warsha, wurin gyara. Bakina ya suɓuce na ce ai ni ma Jidda zan kai Hajiyarmu. Haka ya shigo gaba ya zauna. Ina ta addu'ar barci ya ɗauke shi, amma ko shingen Shumaisi da ke mafitar Makka ba mu wuce ba ya juya baya ya fara ba ta labarin wata yarinya da ta kunyata mu jiya. Mahaifiyata ta bar shi ya kai aya.

"'Yata ce," ta ce masa. "Ƙanwar wannan da ke jan mu. Bai gaya maka ba?"

Ya dube ni. Ni kuwa na ƙura wa titi ido kamar ban taɓa bin sa ba.

A filin ma ba mu huta ba. Daga can baya aka jera ta, kuma samarin da ke zaune bayanmu suna ta ihu wai a kawo mata masu turi. Mahaifiyata ta ciro carbinta, ba ta waiwaya ba.

Wannan karon motar ta tashi. Kafin kwana ta farko ta wuce biyu. A zagaye na uku ta sake wuce wasu, abokina ya manta yana jin kunyata, ya kama hannuna yana nuna mini yadda take jinkirta taka birki har sai wanda ke gabanta ya tsorata ya buɗe mata hanya. Can wasu motoci biyu suka gogi juna, aka rage wa kowa gudu har aka share titi, sai duk suka sake haɗuwa wuri ɗaya. Da aka sake su tana ta biyar.

Samarin bayanmu tuni sun bar ba'a. Ɗaya daga cikinsu ne ya fara kiran lambar motarta, a hankali, sai sauran suka ɗauka. Da ta wuce na huɗu, gefenmu gaba ɗaya ya miƙe. A zagayen ƙarshe ta bi na uku har kwanar da ke gabanmu, ta kutsa ta ciki, tayoyinsu kamar za su haɗu, ta fito a gabansa.

Ta uku ta gama. Ba ta ɗaya ba, amma filin ya fi yi mata ihu. Matan da ke ƙasanmu suna tsalle suna rungume juna, mahaifiyata ta saki guɗa irin ta Kano da ban taɓa jin ta yi ba ko a bikin aurena. Ni kuwa sai na tsinci kaina ina girgiza kafaɗar wani Balarabe da ban sani ba, ina ce masa da Hausa, "Ƙanwata ce! Uwa ɗaya uba ɗaya!" Abokina yana fassara masa, yana ƙara cewa shi ma aminin gidan ne tun da daɗewa.

Da muka samu ganinta, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ta durƙusa ta gaishe da mahaifiyarmu, sannan ta dube ni ta ce, "Yaya, ashe ka zo."

A waya kuma, waɗanda suka aika ta kicin jiya su ne ke rubuta cewa tun farko sun ga alama. Na so in yi fushi da su, sai na tuna ni ma kwana ɗaya na riga su tuba, ko ma sa'o'i. Su ba su san ta ba suka yi dariya, ni kuwa a bayana aka goya ta. Abin da ya fi tsaya mini ke nan: mai tafi bayan an ci nasara ba ya ƙaranci, wanda ake nema shi ne mai zuwa washegarin faɗuwa, kuma a gidanmu tsohuwa ce ta yi wannan.

Yanzu ta bar tsere, tana koya wa 'yan mata. In mun fita tare ita ke tuƙi, in zauna a gefe ina fara'a, ƙafata tana laluben birkin da babu shi.