Geron Illa da takardar da na karanta masa

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Illa, bayan girbi, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Ɗan Gulbi daga Dakoro. Ban zo yabonsa ba. An yabe shi ranar jana'iza, har waɗanda ba su taɓa taka gonarsa ba sun yabe shi. Na ɗauki alƙalami ne don akwai abin da ke cina, kuma duk wanda zan faɗa wa a gida ya gaji da jina.

Illa manomi ne, bai shiga lakwal, makarantar boko, ba ko na yini ɗaya. Gonarsa jigawa ce, irin wadda ruwa ke ratsawa ya wuce kamar bai sauka ba. Abin da ya bambanta shi da mu shi ne, kafin a fara girbi sai ya bi gonar shi kaɗai da ganyen kaba a hannu. Duk zangarniyar da ta riga sauran nuna, wadda tsutsa ba ta taɓa ba, sai ya ɗaure mata kaba a wuya. Waɗannan yake yankewa daban, ya ɗaure daminsu daban, ya barbaɗe da toka. Ya fi shekara ashirin yana haka. Muna masa dariya, muna cewa yana yi wa gero kwalliya. Daga baya, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gonarsa kaɗai ta kai. Tun daga nan mutane suka raɗa wa geron suna ɗan Illa.

A wajenmu ba a hana iri, kuma ba a sayar wa maƙwabci. Ka zo ka roƙa, a dumbuza a ba ka. Abu biyu ne a kanka. In an tambaye ka inda ka samu, ka faɗi sunan mai shi. In ka girbe, ka zaɓi zangarniya guda mafi kyau ka kawo masa, ya ga yadda irinsa ya yi a ƙasar wani. Ba wanda ya rubuta wannan, ba wanda kuma ya taɓa karyawa. Da haka Illa ke sanin halin geronsa. Zangarniya na zo masa daga Kornaka, daga rugagen arewa, ya jera su a tabarma yana juyawa yana murzawa kamar mai duba haƙoran rago.

Sai mutanen furoje, masu aikin binciken noma, suka zo daga Maraɗi. Farar mota, injiniya biyu, da wata ɗaliba mai littafi. Suka ce binciken haɗin gwiwa ne, mu da su abokan aiki, ba babba ba ƙarami. Damina uku suka yi suna zuwa. Illa ya yanka masu gefen gonarsa, ya nuna masu yadda yake zaɓe, ya bar ɗalibar ta rubuta duk abin da ya fito bakinsa. Da suka roƙi iri ya auna masu tiya biyu, ya gaya masu al'adar. Babban injiniyan ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa.

"In sha Allahu, Baba, da hannuna zan kawo maka."

Kowane taro akwai takardar da ake dangwala yatsa, ta waɗanda suka halarta. Mun saba. Ran nan sai aka miƙo wa Illa wata mai shafi huɗu. Ya juyo ya miƙo mani a gaban kowa.

"Sani, kai anka kai lakwal. Mi ta ce?"

Ni aji biyar na fita. Ina iya haɗa baƙaƙen Faransanci in furta su, amma wannan ba Faransancin da Mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana ba ne. Na bi layi uku, na gane kalma guda, wadda ke nufin aiki tare. Mutane sun zuba mani ido, ɗalibar nan tana kallona. Na kasa buɗe baki in ce ban gane ba. Na ce, "Dangwala, Yaya, ta zuwa taro ce." Ya dangwala. Ba su bar mana kwafi ba, ni kuma ban tambaya ba. Har yau ban san abin da ke cikin shafi huɗun nan ba, kuma har ya mutu ban gaya masa gaskiya ba.

Furoje ya ƙare, motar ta daina zuwa. Duk kaka Illa sai ya tambaye ni ko an aiko da saƙo daga Maraɗi. Bai taɓa zarginsu ba. Cewa yake, ƙila ƙasarsu ce ba ta karɓi geron ba, suna jin nauyin faɗa. Shi haka zuciyarsa take. Ni tawa ba haka take ba.

Bara waccan na shiga shagon masu sayar da iri a kasuwar Dakoro, na ga buhu mai takarda ɗinke a baki. Sunan geron baƙaƙe ne uku da lamba. Mai shagon ya ce ingantaccen iri ne, masana suka fitar, yana nuna da wuri, tsutsa ba ta cika damunsa ba. Na sayi kaɗan, na shuka layi biyar a gefen ɗan Illa. Tsayinsu ɗaya. Mako ɗaya suka fitar da kai. Jan nan da ke gindin karan ɗan Illa yana nan a nasu. Na yanko zangarniya biyu na kai wa Hajo, matar marigayin, ban ce mata komai ba. Ta juya su ta ce, "Duk na gida ne, mi kake son in gani?"

Zan faɗi gaskiya, ba ni da hujja. Wani malamin lakwal ya ce mani ido ba ya yanke irin wannan hukunci, sai an kai ɗakin bincike an gwada. Na ce ɗakin binciken wa? Yana yiwuwa sun gauraya shi da wani. Yana yiwuwa sun sha wahala a kansa, ban ce ba su yi aiki ba. To, in aiki tare ne, ina rabin sunan? Buhun yana da wurin rubuta sunan furoje, da na waɗanda suka ba da kuɗi, har da hoton tuta. Baƙaƙe huɗu ne suka rasa wuri?

Ba suna kaɗai ke damuna ba. Habu, babban ɗan Illa, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya nemi shiga ƙungiyar masu noman iri don ya riƙa sayarwa da daraja. Aka ce geronsa ba shi da takarda, sai dai ya sayar a matsayin na ci. In yana son noman iri, ya karɓi mai lambar nan daga hannunsu, ya bi ƙa'idarsu. Wato ɗan mutum ya nemi izini kafin ya sayar da abin da ubansa ya ɗaura wa kaba. Ina tambayar kaina me Illa zai ce in ya ga haka. Na san shi. Zai ce alhamdu lillahi, geron ya yi nisa, talakawa na ci. Wannan amsar tasa ce ta fi ba ni haushi.

Watan da ya wuce wata motar ta zo. Sabon furoje, sabbin fuskoki, magana dai ita ce. Suna tattara tsofaffin iri don adanawa, kuma an ce masu dami na asali yana rumbun Hajo. Ta aiko a kira ni. Na tarar da wata yarinya injiniya zaune a tabarma, mai ladabi, takarda a cinyarta. Hajo ta dube ni ta gefen ido.

"Ga malamin gidanmu nan. Kai da ka karanta ta farko, zo ka karanta muna ta biyu."

Ashe ta sani. Shekarun nan duka ta sani.

Na karɓi takardar, na mayar wa yarinyar. Na ce ban iya ba. Na ce a fassara ta da Hausa, a karanta da ƙarfi a ƙofar mai gari. A rubuta sunan Illa a kan irin da duk abin da zai fito daga gare shi. A rubuta cewa 'ya'yansa za su noma su sayar ba tare da roƙon kowa ba. A bar mana kwafi mai hatimi. Yarinyar ta rubuta duka, ta ce ita a ganinta daidai ne, amma sai ta tambayi shef ɗinta, wato shugabanta.

Hajo ba ta ji daɗi ba. Bayan sun tafi ta ce, "Yayanka bai taɓa maida hannun mai roƙon iri wofi ba. Yau anka fara, kuma a ƙofar ɗakina." Da la'asar wani Bafillace daga rugar arewa ya zo roƙo, ta dumbuza ta cika masa ƙwarya a gabana, tana kallona.

Mako biyar ke nan shef bai gama tunani ba. Na kira lambar da yarinyar ta bari sau biyu, talho na shiga, ba a ɗauka. Ƙila suna aiki a kai. Ƙila kuma sun sami wani gidan da ba a tambaya.

Abin da ya rage na Illa ba shi da yawa, amma yana da nauyi. Gonakin da ke kaiwa a shekarar da ruwa ya gaza. Mutanen da bai taɓa gani ba, da in ka tambaye su geron nan na wane ne, za su faɗi sunansa ba tare da sun duba buhu ba. Sai kuma hannunsa a buɗe, wanda Hajo ta gada, ni ban gada ba. Ban sani ba ko hannun nan zai iya rayuwa a zamanin da wanda ya riga kai takarda biro, ofishin hukuma, shi ne mai abu.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa kana hutawa. Ka yafe mani. Na hana irinka, kuma in sun dawo ba takarda da Hausa, zan sake hanawa.