Salkar da Na Rataya a Gaban Motar Illa

Bana shekara talatin ke nan da muka rufe Illa a Tawa. Taubashina ne, ɗan goggona, bakanike kuma direban ma'aikatarmu a shekarun farko bayan samun 'yanci, lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wannan magana, kowace shekara kuma in sami abin fakewa. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, ido ya yi rauni, kuma na gaji da ɗaukar ta.

Wani Bature da zai koma gida ya bar wa ma'aikatarmu motarsa, doguwa, ƙirar Amurka, mai canza giya da kanta. Abin takawa biyu ne kawai a cikinta, na tafiya da na tsayawa. An yi ta ne don kwalta, mu kuwa rairayin Adar muke so ta ratsa da akwatin ƙanƙara na allurar shanu. Illa ya yanke bayanta ya yi mata bodi, ya ƙara mata ƙarfen ƙasa, ya sa manyan tayoyi. Ta ɗauki kaya, amma ta fara zazzaɓi. In muka dawo daga Afala ko Tebaram, sai ya zaro sandar awon man giya ya kanga mini a hanci. Man da ya tafi ja ya dawo baƙi, yana warin gyaɗar da ta ƙone.

Ya bayyana mini cewa man nan yana bi ta wani ɗan bututu ne a gindin lagireto ya huce, kuma bututun ba zai iya da nauyin da muka ɗora mata ba. Sai an nemo masa lagiretonsa na daban, a kafa a gaba inda iska ke bugowa. Ba a sayar da irin wannan a Tawa ta lokacin. Kwana da kwanaki yana yawon gareji-gareji, ya dawo da guda uku: wani ƙato na babbar mota, da zagayen bututun bayan firij, da wani matsakaici da ya ciro daga mataccen injin wuta. Ya toshe bakin kowanne ya hura a cikin ruwa yana neman kumfa. Ya ɗumama mai ya zuba, yana kallon yadda yake fita. Na firij ya yi ƙunci, mai yana ɗiga kamar ana roƙonsa. Ƙaton kuwa zai rufe fuskar lagireton ruwa, a gyara giya a kashe inji. Shugabanmu ya so ƙaton, don a ganinsa babba ya fi. Illa ya kafe a kan matsakaicin, ya ɗaura shi, ya bar tazarar yatsu biyu a bayansa.

Da ya gama ya ja kunnena, da ma ba ya kirana da sunana, sai ɗan lakwal, wato ɗan boko:

"Kai ɗan lakwal, saurara. Abin ga iska shi ka sha. Kak ka sa mai komi gaba, ko hularka."

Wata shida motar tana zirga-zirga, man bai ƙara baƙi ba.

Kwanan baya maƙwabcina ya nuna mini hotuna a wayarsa. Ya ɗaga motarsa, ya sa mata manyan tayoyi, yana neman abin sanyaya man giya, kuma yatsansa ya tsaya a kan mafi girma da ƙyalli. Da Illa yana nan zai tambaye shi nauyin da yake ɗauka, da hanyar da yake bi, da faɗin bututunsa, da ko ya bar wa iska ƙofa. Zai kuma yi dariyar mutumin da ke zaɓen ƙarfe bai taɓa shi da hannu ba. Ni dai na ce masa Allah ya sa albarka, don ba ni da bakin koya wa kowa wannan darasi.

Ga dalili. Ranar sunan 'yar Illa ta fari ta faɗo daidai da ranar da makiyaya suka tara shanu a rijiyar Takanamat suna jiran allura. Na ce ya zauna ya karɓi baƙinsa, ai motar nan ko jaki zai tuƙa ta. Ya ce to shi ke nan, an samu. Bazara ce. Illa yakan ajiye salkar ruwa ta fatar akuya a baya, kullum ina ƙorafin ruwan ɗumi. Ranar na yi abin da kowane direban Adar ke yi tun da aka fara shiga daji da mota: na rataya salka a gaba don iska ta sanyaya ta. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Salkar ta kwanta daidai a kan ɗan lagireton Illa.

Ban kai rabin hanya ba, a cikin wani rairayi mai zurfi, inji ya shiga kuka mota ba ta gaba. Allurar awon zafin ruwan inji tana zaune lafiya lau, amma warin nan ya cika mini hanci. Na sauka na ga abin da na yi. Kafin babbar motar da ta ja ni ta iso, na kwance salkar na jefa ta baya. Ƙanƙara ta narke, magani ya lalace, makiyaya suka yi kwana biyu suka watse. Daga baya ciwo ya shiga wasu garkunan.

Shugaba ya tambaye ni, na ce haka kawai ta tsaya. Ya ce da ma ya faɗa, an ƙi babba an ɗauki ƙarami don taurin kai. Aka sallami Illa. Gari ya ɗauka, har a tasha ana ce masa Illa mai ɗan lagireto. Ni sabon ango ne, ni kaɗai ke da aikin gwamnati a gidanmu, kuma tsoro ya kama ni. Ba ni da wata hujja da ta wuce wannan.

Ya kafa rumfa kusa da tasha, ya daɗe kafin mutane su sake yarda da hannunsa. Wata rana na je gaishe shi, na tarar yana liƙa ƙugiyar ƙarfe a gefen wata mota, kusa da ƙofar direba. Ashe duk motar da ta shigo hannunsa sai ya sa mata, ko ba a ce ba. Na tambaye shi ta mece ce.

"Ta salka ta. Iska na bugun ta nan ma." Ya ci gaba da aikinsa bai ɗago ba. "Rannan gashin akuya nic ciro cikin haƙoran ɗan lagireton nan. Ban san motar Amerika na da gashi ba, ɗan lakwal."

Daga nan ya tambaye ni lafiyar amarya. Na yi dariya, wai wasan taubasai ne. Ya buɗe mini ƙofa, na ƙi shiga. Mun ci tuwo a kwano ɗaya shekaru masu yawa bayan haka, bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa cewa ya yafe mini ba.

Yau salka ta yi wuya, ruwan sanyi a leda ake saye. Amma har yanzu nakan ga ƙugiyar nan a gefen tsofaffin motocin kasuwa, an rataya mata igiya ko buta, ba wanda ya san mafarinta. Ita ta rage daga Illa, ita da wancan mugun suna da tsofaffin tasha ba su manta ba. 'Yar da aka raɗa wa suna ranar tana nan a Tawa, ta yi jikoki. Wanda ya san ta ya karanta mata wannan. Mahaifinki bai yi kuskuren zaɓi ba. Ni na rataya salkar.