Sunan da Ban Taɓa Furtawa Ba

Na yi shekara shida da aure ban taɓa kiran sunan mijina da bakina ba. Rubutawa kam na rubuta ba adadi, a takardar asibiti, a takardar haya, a makarantar 'yarmu. Amma alƙalami ba shi da kunya, baki ne mai ita. Kakata ce ta rene ni a cikin birnin Kano, kuma a gidanta mace ba ta kama sunan miji ko da an ɗora mata wuƙa a wuya. Ga wani ƙarin nauyi: sunan mijina shi ne sunan mahaifina, wanda ya rasu ina 'yar shekara tara.

Mijin nawa ɗan Malesiya ne, kuma soja. Ƙanwarsa ce abokiyar karatuna lokacin da nake digiri na biyu a ƙasarsu, ina zaune a wani ɗan fulat a unguwar Pantai Dalam, ta nan muka san juna. In muna shiri ina ce masa Soja, in ya ɓata mini rai ya koma Baban yarinya. Yakan zolaye ni ya ce, "Boleh lah, ai za ki iya, sau ɗaya tak, ba wanda zai ji." Ni kuwa in tura masa farantin shinkafa in ce ya ci tun da zafi.

Auren ɗan ƙasa bai mai da ni 'yar ƙasa ba. 'Yata jan fasfo gare ta, ni kore, kuma zamana a garin ya rataya ne a kan izinin da ake manna mini a fasfo a matsayin matar ɗan ƙasa. In ya kusa ƙarewa sai mu ɗauki jiki mu biyu mu je ofishin shige da fice, shi ya yi bayani da harshensu, ni in zauna a gefe ina gyara mayafi. A shekarar da nake ba da labari an tura shi aiki gaɓar teku a jihar Sabah, can nesa da mu, hutu ya ƙi samuwa. Ogansa ya rubuto wasiƙa cewa aiki ne ya riƙe shi, aka ce in je ni kaɗai. Saura kwana tara izinina ya ƙare.

Na bar yarinyar wajen surukata, na tsaya shagon mamak, masu sayar da shayi da abinci, na ƙunso burodinsu mai laushi, na hau jirgin ƙasa zuwa tashar KL Sentral na sake wani. Ban ci burodin ba har ya huce a jaka. Hankalina dai kwance yake, domin takarduna sun cika, har na jera su bi da bi kamar yadda Soja yake jera kayan sarkinsa.

Wata dattijuwa mai tabarau na samu a tagar da aka kira lambata. Ta duba wasiƙar, ta duba takardar aure, ta ɗago ta ce mini da Turanci, "Sunan miji?"

Na tura mata takardar, na ɗora yatsa a kan layin.

"Na gani," in ji ta. "Daga bakinki nake son ji."

Ni da na tsaya gaban farfesoshi huɗu na kare kundin bincikena ba ko gargada, sai ga shi harshena ya maƙale. Na yi murmushin da ba shi da dalili. Na sake nuna layin. Ta cire tabarau ta ajiye, ta rufe fayil ɗin a hankali, nan take na gane abin da take gani. Ana yin auren takarda don a samu zama, kowa ya sani. Ga mace ta zo ba miji, an tambaye ta sunansa ta yi zuru. Ko ni ce a kujerarta abin da zan zata ke nan.

Na yi mata bayani iya iyawata, cewa a wajenmu girmamawa ce, cewa haka aka rene ni. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

"Na fahimta," ta ce. "Amma dole in rubuta cewa kin amsa. In ba haka ba fayil ɗin zai hau sama, sai mijinki ya zo da kansa, kuma ban san tsawon lokacin da zai ɗauka ba."

Ba faɗa ta yi ba, aikinta take yi. Ni kuwa tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba a garin nan. Na ga kaina a filin jirgi da akwati, 'yata a hannun surukata tana tambaya da Malayanci ina Mama za ta. A ranar da safe ma ban gama yi mata kitso ba, na ce in na dawo zan ƙarasa ɗaya gefen.

Sai na faɗa. Muryata ta fito can ƙasa, har ta ce in maimaita. Kuma sunan mutanen nan ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an haɗa da na uba. A numfashi guda na kama sunan mijina, wanda shi ne na mahaifina, na ɗora da na surukina. Da kakata na da rai, ranar da sai an yi mata fifita. Abin da ban zata ba shi ne ƙwallar da ta cika mini ido. Wata biyar ban ga Soja ba, ashe kewar tana nan a ƙarƙashin sunan tana jira.

Dattijuwar ta miƙo mini 'yar takardar share fuska. Ta yi wasu tambayoyi, ranar aurenmu, inda iyayensa suke, na amsa kamar ruwa. Ta mayar da tabarau ta buɗe fayil ɗin, ta ce in dawo ranar Alhamis in karɓi fasfo.

Bayan la'asar ina ƙarasa kitson sai ga wayarsa. Na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya yi dariya har da tari.

"Shekara shida ina roƙo," ya ce, "ki je ki faɗa wa matar da ba ki taɓa gani ba. Ni me ya sa kike hana ni?"

Na raba gashin yarinyar da tsinken kitso, na danna wayar da kafaɗa.

"Ita tana iya raba ni da ku, Soja," na ce. "Kai ba za ka iya ba."