Kaset ɗina a gonar shinkafa

A Dakar na sayo kaset ɗin, kiɗan jaz ne wanda masu busa ke yi kamar suna rigima. A can, tsit ake yi a saurare shi. Na ba maƙwabcina na Bunkure aro, na ce kada ya yarda ya mutu bai ji ba. Bai dawo da shi ba, ga shi ba ni da kwafinsa.

Na bi shi gona, sai na tarar ya warware zaren kaset ɗin ya ɗaura bisa shinkafa, yana ƙyalli yana korar tsuntsaye.

"Alhaji, a gida ma haka ya watsa min iyali," in ji shi. "Akwai wani?"

Dariya ta zaunar da ni a bakin kanal ɗin ban ruwa. Washegari na kai masa wani kaset, amma sai da na kwafa na ajiye.