Khavere Mai Ƙirga Kwanaki

Perpetua Khavere ta shekara goma sha tara a bayan kanta guda, a hawa na shida na wani dogon gini a Nairobi, inda ake karɓar ƙarar waɗanda suka nemi kwangilar gwamnati aka hana su suka ce ba su yarda ba. Ba ita ke yanke hukunci ba, wannan aikin manyan hukumar ne da ke zama a ɗakin ciki. Nata shi ne ta duba takarda, ta duba kalanda, ta buga hatimi ko ta ƙi bugawa. Duk da haka lauyoyin da ke hawa ginin nan sun fi shakkarta a kan manyan, don manyan ana iya yi musu dogon turanci, ita kuwa sai dai ta kalle ka ta saman tabarau ta ce, "Yaushe ka samu wasiƙar?"

'Yar ƙauyen Mumias ce. Mahaifinta akawun sikeli ne a inda ake auna rake, mutumin da ko surukinsa ya kawo kaya ba ya ƙara masa kilo ɗaya. Ta koyi buga tafireta a makarantar sistoci, ta auri wani malamin firamare mai suna Shivachi, shiru-shiru, wanda tun da ya yi ritaya ya koma gida wajen shanunsa ya bar ta da birni. Duk wata take zuwa ganinsa, ta dawo da buhun masara da ƙorafin ciwon baya.

Dokar da ta fi riƙewa ita ce ta kwana goma sha huɗu. Daga ranar da aka sanar da kai an hana ka kwangila, kwana sha huɗu gare ka ka kawo ƙara, kafin ƙarfe biyar na yamma. Wata rana wani babban lauya ya iso biyar da minti huɗu yana haki, ya nuna mata agogonsa na zinariya ya ce saura minti biyu. Ta ce, "To ranka ya daɗe, sai ka shigar da ƙarar gun agogon naka, tunda shi bai tashi daga aiki ba." Har yau ana ba da wannan labari a wurin masu shayi na ƙasan ginin.

Ran wata Talata, ashirin da ɗaya ga Oktoba, wajen ƙarfe biyu da rabi, tana tsoma mandazi, irin fanken can, a shayi sai ta ji hayaniya a bakin ƙofa. Ta ɗaga kai ta ga kujera tana shigowa, ƙafafunta sama. Da kujerar ta sauko, sai ga Ambetsa a ƙarƙashinta, ƙanin mijinta, kafinta daga Butere, da kwat ɗin zuwa coci, da ƙaton zakara ja a hammata.

"Matar yaya!" ya kwaɗa mata kira, duk ofis ya waiwayo. "Yau Allah ya kawo ni gidana. An cuce ni, matar yaya. Buga mini abin nan naki in wuce ciki in ga manya."

Khavere ta ajiye mandazi. "Ambetsa, wannan zakaran fa?"

"Naki ne. Mama ta ce a kawo miki."

"Mama ba ta taɓa aiko mini da zakara ba sai yau da kake da ƙara? Fita da shi."

"Haba amaryarmu, tsuntsu ne fa, ba ambulan ɗin kuɗi ba."

"Mai gadi! Karɓi zakaran nan ka ajiye a ƙasa, ka rubuta mai shi zai karɓa in zai tafi."

Da aka rabu da zakara, labari ya fito. Wata kwalejin gwamnati da ke can yankinsu ta nemi mai yi mata kujeru ɗari huɗu. Ambetsa ya nema, shi da ya shekara talatin yana aikin katako. Sai aka aiko masa da wasiƙa ta waya cewa ko buɗe farashinsa ba a yi ba, an fitar da shi tun zagayen farko, saboda bai sa lamba a shafukan takardunsa ba kamar yadda aka sharɗanta. Aka ba wani kamfani da shi Ambetsa ya rantse bai taɓa riƙe zarto ba.

"Kuma na sa lamba! Da hannun nan nawa na sa!" Ya ɗaga hannun dama, wanda inji ya cinye wa rabin ɗan ali tun yana saurayi.

"Yaushe ka samu wasiƙar?"

"Shida ga wata. Amma ban karanta ba sai da 'yata ta zo hutu, don wayar nan rubutunta kamar ƙwan kiyashi."

Khavere ta dubi kalanda. Ta ƙirga a zuci, yatsunta na motsi a ƙarƙashin kanta. Kwana sha huɗu sun cika jiya Litinin. Sai kuma ta tuna jiya tana gida tana wanki, don ranar hutun tunawa da jaruman ƙasa ce, kuma in ranar ƙarshe ta faɗa a hutu, washegari ake dubawa. Wato yau, kuma saura awa biyu da 'yan mintoci.

Ba ta gaya masa ko ɗaya ba. Ta miƙe ta shiga wurin shugabanta ta ce mai ƙarar nan ɗan'uwan mijinta ne, hannunta ba zai taɓa fayil ɗinsa ba. Aka sa abokin aikinta Kipkemboi ya zauna a kantar. Ita kuma ta ɗauko ɗan littafin ƙa'idoji da ake ba kowa kyauta ta miƙa wa Ambetsa.

"Me zan yi da wannan?"

"Karantawa ake yi."

"Ke da kika haddace shi? Gaya mini kawai!"

"Ni ba lauyarka ba ce. Shafi na uku dai yana da daɗin karatu, in ji mutane."

Ambetsa ya zaro tasa ƙarar daga aljihun kwat ya miƙa wa Kipkemboi. Shafi bakwai ce da biro. Ta fara da gaisuwa ga hukumar da iyalanta, ta bi tarihin kakansa da ya yi wa mishan ƙofar coci, ta kawo aya biyu daga Zabura, ta ƙare da bayanin cewa shugaban kwamitin kwalejin tun yana yaro ba shi da kirki. Kipkemboi ya karanta, kafaɗunsa na rawa, ya ce, "Baba, wannan wa'azi ne mai kyau. Amma mu abu uku muke so a jere da lamba: wace ƙa'ida aka karya, wace asara ka yi, me kake so hukuma ta yi maka. A buga da inji, a yi kwafi, ka sa hannu, ka biya kuɗin shigarwa. Kafin biyar."

Ambetsa ya juya wajen Khavere. Ta duƙufa a kan wani fayil da ta gama da shi tun safe.

"Zan gaya wa Yaya," in ji shi.

"Gaya masa. In ka samu wayarsa a kunne."

Ya fita a fusace ya bar kujerar a tsakiyar ofis. Khavere ta kasa shan shayinta. Uku da rabi ta yi, huɗu ta yi, huɗu da rabi. Ta leƙa taga sau nawa ba ta sani ba. Tana tunanin Kirsimeti a gidan surukarta, da yadda za a riƙa miƙa mata kwanon tuwon ugali ba a kallon fuskarta. Can ƙasa zakara ya yi cara, mai gadi ya zage shi. Biyar saura minti tara sai ga Ambetsa ya faɗo ta matakala, don ya ce ba ya sake shiga akwatin nan mai hawa da mutane, kwat a kafaɗa, takardu a ƙirji. Ashe wata mai buga takardu ta bakin titi ce ta matse masa shafi bakwai zuwa biyu, ta zubar da kakan da Zabura, abin da ya ce ba zai taɓa yafe mata ba. Kipkemboi ya duba, ya ɗaga hatimi ya buga. Da Khavere ta ji bugun hatimin, sai ta shiga banɗaki ta yi minti biyar tana gode wa Allah.

Aka aika wa kwalejin sanarwa, ta kawo amsarta da ainihin takardun masu neman kwangilar a cikin kwali a liƙe. Ranar zama, Khavere ta ɗauki hutun rabin yini ta zauna a bencin baya kamar kowane ɗan kallo, jakarta a cinya.

Mutum uku ne a kan teburin, shugabarsu wata dattijuwar lauya mai furfura, Madam Nyokabi. Lauyan kwalejin, wani matashi mai ƙamshin turare, ya miƙe ya ce kafin a shiga maganar kujeru yana da suka: ƙarar ta zo a makare, a rana ta goma sha biyar, saboda haka hukumar ba ta da hurumin saurarenta. Ya yi minti ashirin yana jawo sunayen shari'o'i.

Madam Nyokabi ta ce, "Malam Ambetsa, ba ka da lauya. Ka fahimci abin da ya ce?"

"Na fahimta, ranki ya daɗe. Cewa ya yi ban iya ƙirga ba." Ya ɗaga hannuwansa. "Yatsuna tara da rabi ne, amma ku bi ni a hankali." Ya fara daga bakwai ga wata, yana lanƙwasa yatsu, da ya zo kan guntun sai ya ce, "Wannan ku ɗauke shi cikakke." Ya ƙare hannu biyu ya sake zagayowa, ya tsaya a ashirin. "Ran nan ina kuke? Ni dai ina gida. Shugabar nan tana gida. Shi kansa yaron nan mai turare, in ya faɗi gaskiya, yana gida. Ƙofarku a kulle. Ta taga zan jefo takardar? Shafi na uku ya ce in ranar ƙarshe hutu ce, sai gobe."

Ɗaya daga cikin manyan ya rufe baki da hankici. Madam Nyokabi ta ce a daina kiran lauya yaro, sannan ta yi watsi da sukar. A bencin baya Khavere ta ga ashe ta murɗe hannun jakarta har ya kusa tsinkewa.

Aka buɗe kwali, aka fito da takardun Ambetsa. Lauya ya ɗaga su shafi-shafi yana nuna wa kowa: babu lamba a sama, babu a ƙasa.

"Juya," in ji Ambetsa.

Lauya ya juya. A bayan kowane shafi ga lamba nan ƙatuwa, da fensirin kafinta, irin wadda ake yi a jikin katako kafin a yanka, daga ɗaya har arba'in da shida.

"Me ya sa a baya?" Madam Nyokabi ta tambaya.

"Ranki ya daɗe, takardar gwamnati ce. Ya zan yi mata zane a fuska? Ko kujera a ƙarƙashi nake sa mata alama."

Aka nemo sharaɗin aka karanta da ƙarfi. Cewa ya yi a sa wa kowane shafi lamba a jere. Bai ce a gaba ba, bai ce da biro ba. Lauya ya ce ai kowa ya san abin da ake nufi. Madam Nyokabi ta ce hukumar ba ta aiki da abin da kowa ya sani, da abin da aka rubuta take aiki. Ambetsa ya nemi izinin shugabar ta zauna a kujerarsa ta ji daɗinta, aka ce masa ba a karɓar sabuwar shaida a wannan mataki.

Kafin kwana ashirin da ɗayan da doka ta ba hukumar su cika hukunci ya fito: an soke bayar da kwangilar, a mayar da Ambetsa cikin masu nema, a sake auna kowa. Butere ta ɗauka. Surukar Khavere ta kira ta a waya ta sa mata albarka a kan taimakon da ta yi, Khavere ta yi ta rantsuwa ba ta yi komai ba, tsohuwa ta ce, "Na gane, 'yata, ba a faɗa a waya."

Da aka sake aunawa, Ambetsa ya zo na biyu. Wata ƙungiyar mata kafintoci ta Mumias ce ta ci, don kujerunsu sun fi nasa sauƙin kuɗi kuma ba su fi nasa rauni ba. Ya yi kwana uku yana karanta ɗan littafin daga farko har ƙarshe yana neman inda zai kama su, bai samu ba. Daga baya matan suka ba shi aikin ƙafafun kujeru ɗari da hamsin, ya karɓa yana cewa taimaka musu yake yi.

Khavere tana nan a kantarta, saura shekara biyu ta yi ritaya. Ta ce in ta koma gida kabeji za ta noma, kada wanda ya kawo mata takarda ko ta gayyatar biki ce. Watan jiya tana tsakiyar aiki Ambetsa ya kira ta.

"Matar yaya, kwamitin coci sun ba wani aikin bencina. Ina ake ɗaukaka ƙara?"

"Wa ke shugabantar kwamitin?"

"Yaya."

"To ka same shi a garke da safe, lokacin yana tatsa ba ya iya gudu," in ji ta, ta kashe wayar, ta ce wa na gaba a layi ya matso.