Almakashin Dakta Habu

Duk wanda ya zauna da mu a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur ya san Dakta Habu ba ya fita sai da almakashi a aljihun gaba, inda mutanen kirki suke sa biro. Yakan manta waya, ya manta katin jirgi, sau ɗaya ma ya manta Hajiya Binta, matarsa, a kasuwar Masjid India ya dawo gida abinsa. Almakashi kuwa bai taɓa mantawa ba. Abu guda yake yankawa: duk wata roba ko igiyar leda da ta yi zobe.

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna koyarwa tare, ni lissafi, shi dabbobin teku. Mutumin Gumel fa, wanda ko a kududdufi bai iya iyo ba! A dabbobin ma sai ya zaɓi wadda babu ita a Malesiya, wata ƙatuwa da yake kira giwar teku, don namijin yana da hanci mai reto, kuma ya fi motata nauyi. Takan nutse kusan awa biyu ba ta shaƙi iska ba. Amma in ta zura kai cikin zoben roba tana ƙarama, ita tana girma, robar ba ta girma, har ta ci wuyan. Wannan ne ya hana Habu sakat, shi kuma ya hana mu.

Ranar da na fara zuwa mamak da shi, wato shagon shayi da abinci, na yi tapau, aka ƙulla min shayin tafiya da shi a leda mai igiya. Ina riƙe da igiyar, ko kurɓa ban yi ba, sai na ji ƙyas! Shayi ya wanke min farar shadda har takalmi.

Na ce, "Habu, don girman Allah! Daga nan zuwa inda dabbar nan take, tafiyar wata nawa ce?"

Ya mai da almakashi aljihu ya ce, "Sani, kai ne kake neman biza. Leda ba ta nema."

Ko haƙuri bai ba ni ba, wallahi.

Kun tuna abin da ya yi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman? Hajiya na zaɓen leshin salla, aka sauke dilar yadi a ƙofar kantin, ɗaure tamau da igiyoyin roba. Gogan ya ga alamar za su zare su a zobensu su yar. Kafin kowa ya ankara ya datse uku. Dila ta fashe, yadi ya tarwatse har bakin titi. Mai kanti ya fito yana ihu, "Uncle, tak boleh lah!", wato Kawu, ba a yin haka.

Habu ya ce, "Boleh," wato ana yi. Ya fiddo hotunan giwar teku ya tsare bawan Allah da darasi na rabin awa, Hajiya kuwa ta koma bayan atamfofi kamar ba ta san shi ba. Tun daga ranar, da sun hango shi sai ka ji, "Uncle Gunting datang!", wato ga Kawu Almakashi nan, kowa ya hau yanke igiya da kansa.

Da azumi kuma ba ka isa ka yi ƙorafi a gabansa ba. Wata la'asar na ce yau kam rana ta ƙi faɗuwa. Ya ce, "Namijin giwar teku wata uku yake yi a bakin ruwa yana gadin matansa, bai ci ba bai sha ba."

Na ce, "Ai shi yana da kitsen da zai ƙona."

Ya ƙare wa tumbina kallo ya ce, "Kai ma Allah bai rage ka da komai ba."

Kwana biyu ban yi masa magana ba. Yau da zan samu ya sake faɗa min haka, da na yi murna.

Da ya kwanta ciwo, abin ya yi tsanani, na je duba shi asibiti da hantsi. Sun karɓe almakashin, sun kuma ɗaura masa robar suna a hannu, sai jujjuya ta yake yi. Na fara tsokanarsa, amma bai yi dariya ba. Ya ce sau ɗaya tak ya je tsibirin sanyin da dabbobin suke, yana ɗalibi. Can ya ga wata ƙarama, roba ta nutse mata a wuya, jini na ɗiga.

"Taku biyar ne tsakanina da ita, Sani. Biro da littafi kawai ne a hannuna. Na ruga na ɗauko wuƙa, na dawo ta shige ruwa. Su kuwa duk shekara gaɓar da suka sani suke komawa. Na yi ta tambayar masu zuwa, ba wanda ya sake ganinta." Sannan ya ce, "Shekara talatin ina yanka, ban san ko ya isa ba."

Na ji kunyar duk masifar da na yi masa a kan shaddata.

A nan Kuala Lumpur muka binne shi, ina cikin waɗanda suka shiga kabarin. Da muka kwantar da shi, liman ya ce a kwance igiyoyin likkafani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kwance, hawaye na zuba, dariya kuma na neman ƙwace min. A raina na ce, ga shi nan, Habu, ban bar maka zobe ko ɗaya ba.

Hajiya Binta ta ba ni almakashin, yanzu yana inda birona yake da. Ni dai sai na shanye shayina nake yanka igiyar.

Allah Ya jiƙan Habu, Ya karɓi ɗan abin da ya yi don dabbar da ba ta da bakin roƙo. Yadda ya ƙi jinin ganin wuya a shaƙe, Allah Ya yalwata masa makwancinsa, Ya kwance masa duk wani ƙunci. Amin.