Kalan Iya Habsu

Ranar wata Laraba ce, a kakar da ta biyo bayan shekarar fara, ina da shekara tara, na shigo gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Buza ɗauke da zangarnun hatsi cike da zanena, ina jiran yabo. Kwana biyu ke nan da gama girbi, an ɗaure dammuna an kai rumbu. Da safe na je ɗebo kara, sai na ga gefen gonarmu na gabas, wajen duwatsu, an yi masa yankan ganganci, zangarnu masu kauri zube ko'ina. Na ɗauka idon Baba ne ya fara rauni. Na bi kunya kunya na tsince su sarai, ko ta tsuntsu ban bari ba.

Baba na zaune a zaure yana gyara alƙalamin kara, don shi ke koya mana allo da rubutun ajami. Ya dubi zanena. Sannan ya ce, "Dije, wanga ba namu na ba. Kin ɗauko tuwon Habsu."

Iya Habsu tsohuwa ce a bayan gidanmu. An tafi da ɗanta aikin tilas na hanya bai dawo ba, ya bar mata jikoki biyu da rumbun da fara ta wofintar. Ba ta karɓar sadaka. Inna ta taɓa aika mata da ƙwaryar tsaba, ta mayar, ta ce hannunta bai mutu ba tukuna. Amma kala ba sadaka ba ce. Abin da ya faɗi bayan girbi na mai tsinta ne, da guminsa. Shi ya sa Baba yake sakin hannu a gefen gabas da gangan, kowa a gidan ya sani ban da ni. A safiyar nan ta je ta iske wurin fayau, ta koma da kwando wofi, jikokin na biye da ita.

Baba bai dake ni ba. Da rana ta take, mutane suka shige inuwa, ya ce in mayar, kada kowa ya gan ni. Na tafi ina kuka, ƙasa na ƙona tafin ƙafata, na ajiye zangarnun a gefen gonar ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar Inna ta leƙa ta kan darni tana mita da ƙarfi, wai masu yankan bana ragwaye ne, sun bar rabin gona ga tsuntsaye, wa zai taimaka ya kwashe kafin shanun Fulani su shigo. Na ji kamar in nutse, don ban sani ba ko tsohuwar za ta yarda ta sake tafiya.

Ta tafi. Washegari na gamu da ita a bakin rijiya, na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar Malam, hatsin gonarku ya yi karatu. Na iske shi jere sahu sahu, daga dama zuwa hagu, kamar baƙaƙe bisa allo." Matan da ke jan guga suka yi dariya ba su gane ba. Ni na gane, ita ma ta san na gane. Ta ɗora mini tulu a kai, ta ce Allah ya yi mini albarka, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Hayaƙi ya tashi a gidanta har damina ta faɗi, jikokin nan kuwa duka sun yi rai sun aurar da 'ya'ya.

Bayan na tsufa a Madawa, wata maƙwabciyata Kirista ta gaya mini cewa a littafinsu ma Allah ya hana manomi share gefen gonarsa, saboda gwauruwa da maraya da baƙo. Na ce mata Baba bai taɓa jin wannan ba, amma ya aikata shi. Yanzu gonaki sun ƙanƙance, ana kwashe har karan a sayar, taimako kuma sai an tara jama'a an kira sunan mutum. Ina gode wa Allah da ya tashe ni a gidan da aka koya mini yadda ake bayarwa ba a sa mutum ya miƙa hannu ba. Har yau in na auna tsaba, nakan bar kaɗan ta zube.